Sabuwar laftop tana fito, tana jan hannu, ga ɗigo a sikirin: a mayar da ita ko a haƙura?

Tambaya: Makon jiya na sayi sabuwar laftop a kwalinta, mai jikin ƙarfe, RAM ɗinta gigabait 8, ma'ajiyarta 512. Tana aiki lafiya, amma akwai abubuwan da suka hana ni sakin jiki da ita. Idan ɗaki ya yi tsit ina jin wani siririn fito daga cikinta. Idan sikirin ya yi baƙi ina ganin haske a kusurwar ƙasa, da wani ɗigo kore da ba ya gushewa. Idan tana caji sai in ji kamar tana ɗan jan hannuna, fankarta kuma ba ta hutawa, sannan ma'ajiyar 476 take nunawa maimakon 512. Shin mai matsala aka sayar mini, ko haka sababbi suke?

Amsa: Malam, a cikin abubuwa shida da ka lissafa babu ko ɗaya da ke nuna cewa na'urar tana kan hanyar mutuwa, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Biyu daga ciki ba matsala ba ne sam, ɗaya ya fi shafar wayarin gidanku fiye da kwamfutar, sauran kuwa aibobi ne na haƙiƙa waɗanda kamfanoni suka saba ƙin amincewa da su a matsayin lalacewa. Wannan ne ya sa abin da ya kamata ka fara bincikawa yau, tun kafin ka gama karanta wannan amsa, shi ne kwana nawa mai shagon ya ba ka na mayarwa ko canji. Garantin shekara guda yana rufe lalacewar da kamfani ya amince da ita ne kawai, alhali kwanakin mayarwa, ko da uku ne ko bakwai, su ne kaɗai lokacin da za ka iya cewa abu bai kwanta maka ba a saurare ka. Mutane da yawa suna cinye waɗannan kwanaki suna jiran su ga ko abin zai gyaru da kansa, sai ranar da suka koma a ce musu lokaci ya wuce.

Batun 476 lissafi ne kawai. Masu ƙera ma'ajiya suna ƙirga gigabait ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif, Windows kuma yana ƙirgawa da ninkin 1,024, don haka 512 na jikin kwali yake komawa kusan 476 a sikirin, kamar yadda 256 ke komawa 238, terabait ɗaya kuma 931. Babu abin da aka rage maka. Haka nan idan ka duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, za ka tarar ana cewa bakwai da ɗoriya ne ake iya amfani da su cikin takwas ɗin, saboda sashen sarrafa hoto da ke cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana keɓe wa kansa wani kaso.

Fanka ma a makon farko ba abin damuwa ba ce. Sabuwar kwamfuta takan shafe kwanakin farko tana sauko da sabunta Windows, tana jera sunayen fayiloli domin sauƙin bincike, tana tantance ƙwayoyin cutar kwamfuta, wani lokaci kuma tana ɗora hotuna da takardu zuwa OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ba tare da mai ita ya lura ba. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe ka ga abin da ke cin ƙarfin furosesa. Idan bayan an gama sabuntawa, babu wani aiki da ke gudana, fankar ta ci gaba da gudu iya ƙarfinta, a lokacin ne za a yi zargin cewa man da ke tsakanin furosesa da bututun sanyaya bai zauna daidai ba tun daga masana'anta. Sai dai a yi wa na'urar adalci game da yanayinmu. Apple, misali, ya rubuta cewa an tsara laftop ɗinsa ta yi aiki a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 35, ka kuwa san cewa a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Kano sukan haura digiri 40 da rana. Na'urar da aka ɗora a kan katifa ko darduma a irin wannan zafi, ƙofofin iskarta na ƙasa a toshe, dole fankarta ta yi ta kuka. Abin da nake so ka saurara shi ne irin sautin: hucin iska mai santsi lafiya ne, amma gurnani, ko ƙas-ƙas da ke canzawa idan ka karkata laftop ɗin, alama ce ta fankar da ke gogar wani abu ko wadda sandar da take juyawa a kai ta sami matsala, kuma wannan garanti yana ɗauka.

Siririn fiton da kake ji da dare daga wani wuri daban yake fitowa. Cajar laftop tana kawo wuta mai ƙarfin bolt 19 ko 20, furosesa kuwa abin da yake buƙata bai wuce wajen bolt ɗaya ba, don haka a kan babban allon na'urar akwai da'irorin da ke rage ƙarfin ta hanyar kunnawa da kashewa sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda. A cikinsu akwai ƙananan naɗin waya na tagulla da ƙananan kafasita na tangaran masu ɗan riƙe wuta, kuma duk lokacin da yawan wutar da ke ratsa su ya sauya sukan yi wata 'yar rawa da ido ba ya gani. Idan rawar ta faɗo cikin zangon da kunne ke kamawa, sai a ji fito. Za ka tabbatar da cewa shi ne idan sautin yana sauyawa lokacin da kake jan shafi sama da ƙasa, ko kake motsa linzamin kwamfuta, wato maus, ko ka cire caja. Kunnen matashi ya fi kama irin wannan siririn sauti, shi ya sa za ka iya kai ta shago mai shagon ya kara kunne ya rantse bai ji komai ba, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, balle ga hayaniyar kasuwa da ƙarar janareto.

Wannan fito ba ya rage wa kwamfuta kwana, kuma ba ya nuna cewa wani abu zai ƙone. Yakan ragu idan aka sauya tsarin wuta na Windows daga mafi ƙarfi zuwa matsakaici, wani lokaci kuma sabunta BIOS, wato manhajar da ke tada na'ura kafin Windows, daga shafin kamfanin yana sassauta shi. Amma a gaskiya ba kasafai yake ɓacewa gaba ɗaya ba, kuma idan aka canza maka da wata irinta akwai yiwuwar ita ma ta yi, tunda daga zubi ɗaya suka fito. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne nisan zama: idan sai ka kai kunne kusa da madannai kake jin sa, ka manta da shi, idan kana jin sa daga inda kake zaune kana aiki har yana ɗauke maka hankali, to ka nemi canji zuwa wani samfuri daban tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba, domin bayan nan da wuya cibiyar gyara ta karɓe shi a matsayin lalacewa.

Jan hannu shi ne abin da ya fi tsorata mutane, shi ne kuma wanda aka fi ɗora wa kwamfuta laifinsa ba da haƙƙi ba. A cikin kowace caja ta zamani akwai wani ƙaramin kafasita da ya haɗa ɓangaren wutar bango da ɓangaren da ke zuwa laftop, aikinsa shi ne kashe hayaniyar lantarki don kada cajar ta dami rediyo da sauran na'urori. Ta cikinsa wata 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta kai miliamfiya ɗaya ba, takan tsallaka zuwa jikin laftop. Idan cajar mai ƙafa uku ce kuma soket ɗin yana da wayar ƙasa mai aiki, wannan wuta takan bi ta can ta tafi. Idan cajar mai ƙafa biyu ce, ko kuma ƙafa ta ukun ba ta haɗu da komai a cikin bango ba, to jikinka ne ya zama hanyarta, sai ka ji kamar ƙarfen yana ɗan gurzar fata idan ka shafa shi da bayan yatsa. Laftop mai jikin roba ma tana da wannan wutar, robar ce kawai ke hana a ji.

Gwajin ba shi da wahala. Cire cajar daga jikin laftop ka shafa: idan abin ya ɗauke, daga hanyar caji yake. Sai ka mayar, ka gwada da ƙafarka a kan siminti ko tayil babu takalmi, sannan ka sake gwadawa da silifa na roba, za ka ji bambanci a fili. Daga nan ka kai ta wani gini da ka tabbatar an yi masa wayarin na ƙwarai, ka soka cajar kai tsaye a bango. A gidajenmu da yawa mai aikin wuta yakan ja waya biyu kawai ya bar ramin sama na soket babu komai, kuma yawancin jonin da ake saya a kasuwa, duk da ramuka uku da ke fuskarsu, waya biyu ce a cikin igiyarsu. Ƙananan janareto ma ba a cika kafa musu sandar ƙasa ba. Maganin shi ne igiyar caja mai ƙafa uku da soket mai wayar ƙasa ta gaske, wanda aikin mai wayarin ne, ba na mai gyaran kwamfuta ba. Inda zan ce ka tsaya cak shi ne idan abin ya wuce gurza ya zama fizga mai zafi, ko cajar tana yin zafin da ba a iya riƙe ta, ko tana warin ƙuna. A nan sai a zargi cajar kanta, domin akan sami inda aka cire ta asali daga kwali aka saka ta jabu, kuma ta jabu tana iya kashe na'ura har ta yi wa mutum illa. Ta asali takan yi nauyi a hannu, rubutun jikinta a fili yake babu kuskuren haruffa, ƙarfin da aka rubuta a kanta kuma ya dace da wanda kamfanin ya ambata wa samfurin.

Yanzu sai sikirin, inda nake ganin ainihin shawararka take. Sikirin irin na yawancin laftop ba ya haskaka kansa. Akwai jerin fitilu a gefensa da ke turo haske ta bayan gilashin, gilashin kuma yana tare hasken ne a inda ake son baƙi. Idan firam ɗin ya ɗan matse gilashin a wata kusurwa, haske yakan zubo ta nan. Amma akwai wani abu mai kama da shi wanda ɗabi'ar sikirin nau'in IPS ce, wato wani ƙyalli da ake gani a kusurwoyi idan an kalle su a karkace. Hanyar bambance su ita ce ka buɗe baƙin hoto, ka ja da baya kamar taku biyu, ka dubi kusurwar kai tsaye: idan hasken ya gushe ko ya koma wani wuri yayin da kake motsa kai, ɗabi'a ce, kowane irin sikirin ɗin yana da ita, idan yana nan daram a wuri guda, zubar haske ce. Kada ka yi hukunci da hoton waya, saboda kyamara a cikin duhu tana ƙara gishiri ƙwarai, kuma kada ka yi gwajin da hasken sikirin a ƙure. Sa shi a matakin da kake aiki da shi kullum. Idan a nan ba ka ganin komai sai a baƙin hoto cikin ɗaki mai duhu, ka bar shi.

Ɗigon kore ya fi wannan nauyi. Sikirin mai 1920 da 1080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600, kowanne kuma ya kasu uku, ja da kore da shuɗi, wato sama da ƙananan ɗigo miliyan shida, kowanne da ɗan makunninsa. Naka ɗaya ne daga cikinsu ya maƙale a kunne. Tun a 2001 ƙa'idar ISO 13406-2 ta hukumar tsara ma'aunin ingancin kaya ta duniya ta raba sikirin zuwa aji-aji, kuma aji na biyu, wanda yawancin kayan kasuwa suke ciki, ya halatta ɗigo biyu masu haske, biyu matattu, da ƙanana biyar masu aibi a cikin kowane miliyan ɗaya. Daga baya jerin ISO 9241 ya maye gurbinta, amma tunanin bai sauya ba, kuma a kansa kamfanoni suka gina sharuɗɗan garantinsu. Ma'anar wannan a aikace ita ce ɗigo ɗaya tak sau da yawa ba ya isa a canza maka sikirin a ƙarƙashin garanti, sai dai idan samfurin yana cikin waɗanda aka yi wa alƙawarin babu ɗigo mai haske ko ɗaya. Za ka iya gwada shafin JScreenFix, wanda ke walƙiya da launuka a kan wurin na mintuna goma ko fiye. Wani lokaci ɗigon da ya maƙale yakan saki, mataccen baƙi kuwa ba ya dawowa. Shawarar da ake yawan bayarwa ta a danna wurin da yatsa ko bakin biro, kada ka bi ta a kan sabuwar na'ura, domin idan gilashin ya tabu ka ba mai shago hujjar da yake nema. Kafin ka yanke shawara, cika sikirin da fari, sannan ja, kore, shuɗi da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ka ƙirga ko akwai wasu. A ra'ayina, ɗigo ɗaya a can gefe abin haƙuri ne, amma wanda ke tsakiya, inda ido ke sauka duk lokacin da ake karatu, ya isa dalilin neman canji, tunda kuɗin sabuwa ka biya.

Akwai binciken da ba ka tambaya ba wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci a kasuwarmu, wato tabbatar da cewa sabuwar ce da gaske, domin ana sake naɗe wadda aka gyara ko aka mayar a ƙasashen waje a sayar da ita a matsayin dal a leda. Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batir da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu, da kuma adadin zagayen cajin da ya yi idan batirin yana bayar da wannan bayani. Ɗan bambanci kaɗan tsakanin lambobin biyu na farko ba komai ba ne, amma sabuwar na'urar da batirinta ya riga ya rasa kashi goma sha biyar ko ashirin cikin ɗari, ko ya yi zagaye sittin, tana da tarihin da ba a faɗa maka ba. Manhajar CrystalDiskInfo kuma za ta nuna sa'o'in da ma'ajiyar ta yi a kunne. Sannan ka ɗauki lambar da ke ƙasan laftop ka shigar a shafin garanti na kamfanin da ya ƙera ta, ka ga ranar da garantin ya fara da ƙasar da aka yi rajistarsa. Na'urar da aka shigo da ita daga Dubai ko Amurka ta hannun 'yan kasuwa sau da yawa garantinta na can ne, wanda ke nufin a nan gida alƙawarin mai shagon ne kaɗai abin dogaronka.

Abubuwan da ba a yi musu haƙuri ko kaɗan daban suke da waɗanda ka lissafa: na'ura ta mutu da kanta ana cikin aiki, shuɗin sikirin na kuskure ya riƙa maimaituwa, layuka ko ƙiftawa su bayyana lokacin da ake buɗe murfi ko rufe shi, caji ya riƙa kamawa yana saki ba tare da an taɓa igiya ba, wata kafar USB ta ƙi aiki, ko hinji ya yi tauri har robar da ke kewaye da shi tana buɗewa. Kayan lantarki masu aibin masana'anta sukan nuna shi ne a makonnin farko, don haka ka matsa mata da aiki yanzu maimakon lallaɓa ta. Kusan kowane kamfani ya saka gwajin sassa a cikin na'urar: a Dell ana danna F12 lokacin kunnawa a zaɓi gwajin, a HP ana danna Esc sannan F2, kuma Windows yana da nasa gwajin RAM da ake kira da mdsched. Mafi haɗari a cikin duk alamun lalacewa shi ne farantin linzami, wato wanda ake shafawa da yatsa a gaban madannai, ya fara tasowa ko ya ƙi dannuwa, ko ƙasan laftop ya kumbura har ba ta zama daidai a kan tebur, domin batir yana ƙarƙashin wurin ne, kuma kumburinsa yana nufin a kashe na'ura a daina caji nan take. Batirin litiyam ba abin wasa ba ne. A watan Agustan 2006 Dell ya janye batura miliyan 4.1 da Sony ya ƙera saboda haɗarin kama wuta.

Wani lokaci kuma ƙaramin abu yakan zama bakin babbar matsala ta zubin samfurin gaba ɗaya. Madannan da Apple ya fito da su a MacBook na 2015 sun fara ne da ƙorafin harafi ɗaya yana fitowa sau biyu ko yana ƙin fitowa idan ƙura ta shiga ƙarƙashinsa. Sai a watan Yunin 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, ya daina amfani da tsarin baki ɗaya a 2020, sannan a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Saboda haka ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane harafi sau da yawa, sannan ka bincika cikakkiyar lambar samfurinka a intanet tare da alamar da ka gani. Idan mutane da yawa masu irin na'urarka suna kuka da abu guda, canji zuwa wata irinta ba zai fisshe ka ba.

Wani hali da za ka iya cin karo da shi nan gaba shi ne ka rufe murfi ka sa ta a jaka, ka ciro ta da zafi batir ya ƙare. Yawancin sababbin laftop na Windows suna amfani da wani salon barci da ake kira Modern Standby, wanda ba ya kashe na'ura sosai, yana barin ta tana ɗan aiki kamar waya, kuma wata manhaja ko direba, wato ƙaramar manhajar da ke tafiyar da wani sashe na na'ura, na iya hana ta yin barcin. Umarnin powercfg /a zai nuna maka irin barcin da take yi. Idan za ka yi tafiya, ka kashe ta gaba ɗaya ko ka zaɓi Hibernate, wanda ke adana aikinka ya kashe ta.

Idan ka yanke shawarar komawa shago, ka tafi da kwali da caja da duk takardun da suka zo da ita, da rasit mai ɗauke da lambar na'urar. Idan ba a rubuta lambar ba, ka nemi a rubuta yanzu. Ka ɗauki hoton ɗigon da bidiyon fiton a ranar da ka gani, domin kwanan watan da ke jikinsu shaida ne. Kada ka bari kowa ya kwance ko da noti ɗaya kafin a gama magana, ko da abokinka ne mai gyara, saboda alamar buɗewa ita ce hujja ta farko da ake ƙin karɓar kaya da ita. Ka kwafe fayilolinka, ka fita daga asusunka, kuma idan gyara za a yi ba canji ba, ka adana mabuɗin BitLocker, wato tsarin kulle ma'ajiya na Windows, daga asusunka na Microsoft, domin Windows 11 yakan kulle ma'ajiya da kansa, kuma idan aka canza babban allon na'ura za ta nemi wannan mabuɗi mai lamba 48 kafin ta buɗe. Idan aibin na gaske ne kuma mai shago ya ƙi sauraro, dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi, kuma hukumar FCCPC mai aiwatar da wannan doka tana karɓar ƙorafi, amma abin da za ta fara tambayarka shi ne rasit da shaidar ranar da ka sanar da mai shagon, don haka ka aika masa saƙo a rubuce tun yau, ko da gobe za ka je da kanka.